Kuɗin Hanya a Titin Keffi Zuwa Makurɗi: Abin da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Sani

KEFFI, Jihar Nasarawa — A watan Fabrairun 2025 ne gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da karɓar kuɗin hanya a kan tagwayen titin da ya tashi daga Keffi, ya ratsa Akwanga da Lafiya, ya dire a Makurɗi. An yi bikin a tashar karɓar kuɗi ta Garaku da ke tsakanin Keffi da Akwanga. Da wannan mataki aka dawo da tsarin da aka yi watsi da shi sama da shekara ashirin, don haka ya wajaba masu fatauci da masu motocin haya su fahimci dalilinsa da kuma abin da zai jawo wa jarinsu.

Idan dai ba a manta ba, gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ce ta soke shingayen karɓar kuɗi a hanyoyin tarayya a ƙarshen 2003, bisa hujjar cewa abin da ke shiga baitulmali bai taka kara ya karya ba, kuma mafi yawansa na zurarewa a hannun masu karɓa. Daga nan gyaran hanyoyi ya koma kacokan kan kasafin kuɗi na shekara-shekara, wanda bai taɓa wadatarwa ba.

Titin na Keffi zuwa Makurɗi, mai tsawon fiye da kilomita 220, da bashi aka gina shi. An ba kamfanin China Harbour kwangilar a zamanin Shugaba Muhammadu Buhari, inda bankin Exim na ƙasar Sin ya ba da rancen kashi 85 cikin 100 na kuɗin aikin, kimanin dala miliyan 460, gwamnatin tarayya kuma ta ɗauki nauyin sauran kashi 15. Cikin sharuɗɗan rancen akwai cewa za a riƙa karɓar kuɗi daga masu bin hanyar domin biyan bashin da kuma kula da ita.

Farashin da aka bayyana a lokacin ƙaddamarwa shi ne Naira 500 ga ƙananan motoci, Naira 800 ga motocin jif, Naira 1,000 ga ƙananan bas-bas, sai Naira 1,600 ga manyan motocin dakon kaya. An yi wa ƙananan motocin haya ragin rabin kuɗin, an kuma ɗauke wa babura da masu ƙafa uku biya. Da yake an raba hanyar gida huɗu, tirelar da ta biya a kowane shinge za ta kashe Naira 6,400 a tafiya ɗaya, wato Naira 12,800 zuwa da dawowa.

Muhimmancin lamarin ga Keffi ya samo asali ne daga matsayin garin. Tun da Abdu Zanga ya kafa shi a farkon ƙarni na 19, Keffi zango ne na fatake masu zirga-zirga tsakanin ƙasar Zazzau da kwarin Binuwai. Da aka mayar da fadar gwamnati Abuja a watan Disambar 1991, sai garin ya zama ƙofar babban birnin daga gabas, tazarar kilomita 50 kacal. Ko da gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga tsohuwar Filato ranar 1 ga Oktoban 1996 ta ajiye hedkwata a Lafiya, kasuwanci bai bar Keffi ba. Jami'ar jihar da aka kafa a garin a zamanin Gwamna Abdullahi Adamu, tare da Cibiyar Lafiya ta Tarayya, sun ƙara yawan masu neman gidan haya da abinci da abin hawa.

Ta wannan titi ne doya da lemu da rogo na Binuwai, da riɗi da shinkafa da agushi na kudancin Nasarawa, ke isa kasuwannin Masaka da Mararaba da Abuja. Ma'aikacin da ke da hulɗa da ma'aikatun Lafiya, da magoyin bayan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nasarawa United mai zuwa kallon wasa, duk shi suke bi.

Idan aka auna da mizanin ciniki, kuɗin shingen ba shi ne babban nauyi ba. In aka raba Naira 6,400 kan tirela mai ɗauke da buhu ɗari shida, abin da zai hau kan kowane buhu bai kai Naira 11 ba. Abin da ya fi cin jarin mai mota shi ne mai, musamman tun bayan janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, sai taya da kayan gyara da kwanan hanya. Hanya mai kyau tana rage waɗannan duka, tana kuma ceton kayan gwari daga ruɓewa. Muddin titin ya kasance lafiyayye, ɗan kasuwa ne da riba.

Sai dai akwai abubuwa biyu da ka iya ɓata wannan lissafi. Na farko, da dala aka ci bashin, amma da Naira ake karɓar kuɗin hanya. A farkon 2023 dala ɗaya tana kusan Naira 460 a farashin hukuma. Bayan sakin Naira a watan Yunin wannan shekara, sai da ta haura 1,500 a 2024. Ma'ana, ana buƙatar motoci ninki uku kafin a tara dalar da a da mota ɗaya za ta kawo. Wannan giɓi ne zai riƙa matsa wa hukuma lamba ta ƙara farashi.

Na biyu shi ne lafiyar titin kansa. Ruwan damina mai ƙarfi, da zaizayar ƙasa a tsaunukan Nasarawa Eggon, da toshe magudanai da shara a garuruwan gefen hanya, duk suna rage wa kwalta kwana. Haka nan motocin da ake yi wa lodi fiye da ƙima, waɗanda ke ƙaruwa a jihar da haƙar ma'adinai ke bunƙasa. In aka karɓi kuɗi ba a yi gyara ba, mai mota zai biya sau biyu: a shinge da kuma wajen makanike.

Saboda haka, abin da ya kamaci ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi shi ne su nemi a riƙa bayyana abin da aka tara da yadda aka kashe shi, a kafa sikelin auna nauyin motoci, a kuma kawar da shingayen bayan fage da ake tatsar masu dakon amfanin gona. A nasa ɓangaren, ya kamata kowane ɗan kasuwa ya shigar da kuɗin shinge cikin yarjejeniyar dako tun kafin a yi lodi, ya kuma adana rasidinsa, domin shi ne hujjarsa ranar da zai nemi a gyara masa hanya.