Ƙwaƙwalwar jariri kan rasa sinadarin ƙarfe tun kafin jini ya nuna

Idan likita ya ja fatar idon yaro ya ga ta yi fari fat, sai a ce ba shi da jini. Amma ga jariri, wannan alama kan zo a makare. Sinadarin ƙarfe yana tafiya cikin jini ne ɗauke a kan wani furotin, kuma sai ya ƙetare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa kafin ya isa gare ta. Idan ya yi ƙaranci, jiki yakan fifita jajayen ƙwayoyin jini, ya bar ƙwaƙwalwa da ragowa, alhali tana buƙatarsa wajen gina rufin jijiyoyinta.

Ajiyar da jariri ya zo da ita daga ciki kan ƙare wajen wata 6, daidai lokacin da a gidaje da yawa ake soma ɗura masa koko zalla. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano kashi 68 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan wata 6 zuwa 59 na fama da ƙarancin jini, ko da yake zazzaɓin cizon sauro ma na da hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a jinkirta ɗaure cibiya aƙalla minti 1 bayan haihuwa. Daga wata 6 kuma, hanta da kifi da wake su shiga kwanon yaro.