Idan 'yan sanda suka kama ɗan'uwanka

Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Beli a caji ofis kyauta ne, ko da an ce maka a kan kanta "kawo na takarda". Mace ma tana iya tsaya wa mutum.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne a tsare tsoho don ɗansa ya gudu. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta haramta wannan, ta kuma hana kama mutum saboda bashi kawai. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba. In an zalunce ka, riƙe sunan jami'in, ka kai kuka Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.