Na'urar Auna Zafin Jiki Ta Goshi: Tana Da Illa?

Wasu na gudun na'urar da ake saita wa mutum a goshi, wai tana harba haske cikin ƙwaƙwalwa. Ku kwantar da hankalinku, karɓa kawai take yi. Fatar kowa tana fitar da zafi a matsayin wani haske da ido ba ya gani. Gilashin bakin na'urar ne ke tattara shi kan wani ɗan sashe mai mayar da zafi lantarki, sai lamba ta fito.

Kafin ku auna, ku share gumin goshi, wanda ya shigo daga rana kuma ya ɗan huta. Idan ta nuna 38°C ko fiye, zazzaɓi ne. In jariri ne da bai kai wata 3 ba, ku kai shi asibiti nan take.