Mayar da batirin mota zuwa but: Yadda ake haɗa wayoyin caji ba tare da an jawo gobara ba

A yawancin motocin da ke kan titunanmu, batir yana zaune ne a ƙarƙashin bonat, dab da inji, kuma wayar da ta haɗa shi da sitata, wadda makanikai ke kira kik, ba ta cika kai mita ɗaya ba. Sai dai wasu masu motoci kan ɗauke shi su mayar da shi but. Wani neman fili yake yi saboda ya sauya inji, wani so yake ya raba batirin da zafin inji, wanda ke rage masa kwana, musamman a bazara lokacin da zafi ke haura maki 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri. Masu tseren motoci kuwa suna yin haka ne don su mayar da nauyin kilo 15 zuwa 20 kan tayoyin baya.

Aikin ba baƙo ba ne. Kamfanin BMW ya daɗe yana ajiye batir a but, ita ma tsohuwar Volkswagen Beetle a ƙarƙashin kujerar baya nata yake. Bambancin shi ne kamfanonin sun yi lissafin kowace waya tun daga masana'anta. Wanda ya yi nasa a gareji kuwa ya mayar da gajerar waya ta zama mai tsawon mita huɗu ko biyar, tana ɗauke da wuta dare da rana a ƙarƙashin ƙafafun fasinjoji. Daga wannan tsawon ne duk matsalolin ke tasowa.

Yadda caji yake aiki

Batir yana tayar da inji ne kawai. Da zarar inji ya tashi, altaneta ce ke ciyar da fitilu, fanka da sauran kayan wuta, tana kuma mayar wa batir abin da ya kashe. Cikakken batir da ya huta yana nuna bolt 12.6. Domin ya karɓi caji, dole wutar da ke isa kansa ta fi haka, wato tsakanin bolt 13.8 da 14.4.

Waya kamar tiyon ruwa take: idan ta yi tsawo kuma ta yi siriri, ƙarfin abin da ke fita a ƙarshenta yana raguwa. Sitatar ƙaramar motar fetur kan ja amfiya 150 zuwa 200 a lokacin tayarwa. Idan amfiya 200 ta bi ta wayar jan ƙarfe mai tsawon mita biyar da kaurin murabba'in milimita 16, za a yi asarar fiye da bolt ɗaya a hanya. Idan kaurin 35 ne, asarar rabin bolt ce. Idan 50 ne, ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na bolt da ɗan kaɗan ba. Shi ya sa ake zaɓar 35 ko 50 don babbar waya.

A kula da irin wayar da ake saye. Akwai mai araha wadda cikinta alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Alminiyam yana ɗaukar kusan kashi 60 cikin 100 ne kawai na wutar da jan ƙarfe mai kauri ɗaya da shi ke ɗauka. Ana gane ta da rashin nauyi, kuma idan aka kankare silin sai fari ya bayyana. Araha dai ba ta ado.

Hanyoyi biyu na haɗawa

Hanya ta farko ita ce a ja babbar waya ɗaya daga kan batir mai alamar tarawa zuwa wata mahaɗa mai murfi a ƙarƙashin bonat, inda tsohon batirin yake. A nan wayar sitata, ta altaneta da ta akwatin fiyus za su haɗu kamar yadda suke a da. Amfaninta shi ne ba a taɓa tsarin kamfani ba, kuma fiyus ɗin altaneta na asali yana nan a wurinsa.

Hanya ta biyu ita ce a sa rile mai ƙarfi a but kusa da batir, ta yadda babbar wayar sitata ba za ta ɗauki wuta ba sai a daƙiƙoƙin da ake murɗa makulli. Sannan a ja wata waya daban, mai nata fiyus, daga altaneta zuwa batir don caji da ciyar da mota. Kaurin wannan ya danganta da ƙarfin altanetar, amma ga mai ba da amfiya 100 a tsawon mita biyar, bai kamata ya gaza murabba'in milimita 25 ba.

Fiyus a gindin batir

Kowace hanya aka bi, dole a sa fiyus a kan duk wayar da ke ɗauke da wuta koyaushe, kuma a sa shi kusa da batir, kada ya wuce santimita 45 daga kansa. Aikinsa shi ne kare wayar. Idan robarta ta goge a jikin ƙarfe, batir zai zuba ɗaruruwan amfiya a wurin nan take, wayar ta yi ja, kafet ya kama. Fiyus ɗin da aka sa a gaban mota ba ya kare mita huɗun da ke bayansa. A tsarin waya ɗaya akan yi amfani da mai amfiya 200 zuwa 250, domin ya jure jan sitata. Duk inda waya za ta ratsa huda a ƙarfe, a sa mata zoben roba, a nisanta ta da salansa da bututun fetur.

Wayar jiki

Wuta ba ta aiki sai ta koma inda ta fito, kuma jikin mota ne hanyar komawarta. A haɗa kan batir mai alamar debewa da ƙarfe mai kauri a but, da gajerar waya mai kauri ɗaya da babbar, bayan an kankare fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli. Abin da ake yawan mantawa shi ne gaban mota. A motoci da dama, tsohuwar wayar debewa ce ke haɗa inji da jikin mota, kuma cire ta ya yanke wannan hanya. Dole a mayar da waya mai kauri tsakanin inji da jiki. In ba haka ba wutar sitata za ta nemi hanya ta ƙananan wayoyi ko kebul ɗin totur, ta ƙona su.

Ƙananan wayoyin altaneta

A altanetocin Denso da ke cikin motocin Toyota da yawa, akwai ƙananan wayoyi uku masu alamun S, IG da L. IG tana kunna na'urar daidaita caji, L tana kula da fitilar batir ta gaban direba, S kuma ita ce idon altaneta, da ita take auna ƙarfin wuta. Idan S tana aunawa a bakin altaneta, za ta ga bolt 14.2 ta gamsu, alhali batirin da ke but ƙila 13.5 yake samu. Mafita ita ce a bar S a babbar mahaɗa idan babbar wayar na da kauri sosai, ko a ja ta har kan batir da ƙaramin fiyus.

Sabbin motoci kuma suna da na'ura a kan debewa da ke sanar da kwamfutar mota yawan wutar da ke shiga da fita. Dole ta bi batirin zuwa but, in ba haka ba caji zai rikice.

Masu sa makunnin yanke wuta gaba ɗaya su sani cewa wayar altaneta a ɓangaren batir take zama. Idan aka haɗa ta a ɗaya ɓangaren, inji zai ci gaba da aiki bayan an yanke, kuma wutar da ta rasa batirin da zai shanye ta na iya tashi ta kashe kwamfuta.

Iska da abokan zama

Batir mai ruwa yana fitar da iskar haidurojin yayin caji, wadda ke kamawa da wuta idan ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri. Yana buƙatar akwati rufaffe mai tiyo da ke fita waje, a ɗaure da kusoshi a ƙasan but. Wannan ya ƙara muhimmanci tun bayan cire tallafin fetur a 2023, da tukwanen gas na CNG suka fara mamaye but ɗin motoci. Batir, tukunyar gas da jarkar fetur ba abokan zama ba ne.

Gwajin ƙarshe

Kafin a biya mai gyara, a tayar da inji, a kunna fitilu da na'urar sanyaya mota, a ɗauko mitar auna wuta. A auna a bakin altaneta, sannan a kan batir. Idan bambancin ya haura rabin bolt, akwai siririyar waya ko sakakken haɗi. Bayan tafiyar minti 20, a taɓa kowace mahaɗa da hannu. Duk wadda ta yi zafi, nan ne za a sake kwancewa.