Sankiran da ke Cikin Waya

Mutanen Talata Mafara, na Bakura, na Maradun, da duk wanda muryata ta iske a gona ko a shago ko a bakin tasha, sannunku da aiki.

Shirinmu na yau a kan talla ne, tallar da ake biyan kuɗi a Facebook ko Instagram ko TikTok don a nuna wa mutane hajarka. Abin da ya ja ni ga zancen kuwa ɗan yayata ne.

Wata Talata na iske shi a kasuwar Mafara, a layin 'yan shinkafa, yana zaune a kan buhu yana ta murmushi shi kaɗai. Ya miƙo min waya, gilashinta duk ya tsage, ya ce, "Kawu, duba ka gani. Naira 5,000 na zuba, na danna Boost, mutum sama da 400 sun yi min laik." Na karɓa na duba. Hoton shinkafa ne fara sol, doguwa, tana ƙyalli a cikin tangaran. Na kalli hoton, na kalli buhun da yake zaune a kai, na ce, "Ɗana, wannan ai ba shinkafarka ba ce." Ya ce a intanet ya samo, ta fi kyau. Rubutun da Turanci ya yi shi. Babu farashi, babu sunan gari. Wajen da ake tambayar su wa za a nuna wa kuwa, ya bar shi yadda ya same shi, Najeriya gaba ɗaya.

Na ce, "To, buhu nawa ka sayar?"

Sai ya karɓi wayarsa ya sa a aljihu, ya ce ai kwana uku ne kacal.

Kada ku yi masa dariya, jama'a. Da yawanmu haka muke yi.

Manya a cikinku za su tuna sankira. Idan za a yi shela, ba ya zuwa bayan gari ya yi wa kuka da tsamiya ihu. Ya san ƙofar da zai tsaya, ya san lokacin da magidanta ke fitowa daga masallaci, ya san zancen da ya shafi mata sai ya bi ta lungu ya ɗaga murya yadda za ta tsallaka katanga. Shi kuwa wannan sankiran na cikin waya, muryarsa ta fi ta kowa nisa, amma baƙo ne. Bai san Mafara ba, bai san Bakura ba. Inda ka tura shi nan zai je, abin da ka ce ya kawo shi zai kawo. Ka ce laik kake so, zai nemo maka masu yawan danna laik, ko da a Fatakwal suke, ko da ba su taɓa sayen tiya guda ta waya ba. Ka ce saƙo kake so a WhatsApp, sai ya nemo waɗanda suka saba turo saƙo. Wannan zaɓin yana nan a shafin da ake shirya tallar, kuma shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki da na bi diddigin lamarin. Ashe gwanjo ake yi. Duk lokacin da wani ya buɗe Facebook yana jan allo da yatsa, kafin ƙiftawar ido an yi gwanjo a kan tallar wa za a nuna masa. Amma ba irin gwanjon da muka sani ba, wanda mai kuɗi da yawa ke tashi da kaya. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya ce abu uku yake haɗawa: kuɗin da ka taya, da yiwuwar wannan mutumin zai yi abin da kake nema, da ingancin tallar kanta. Wato ɗan tireda a Maradun da ya yi bidiyo mai kama hankali yana iya kayar da wanda ya fi shi kuɗi amma tallarsa lami ce. Ni dai wannan ya yi min daɗi. Ba kullum ake samun kasuwar da talaka ke da irin wannan ƙofa ba.

To su wa za ka ce a nuna wa? A nan sai ka yi tunani irin na ɗan kasuwa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, a kan Gulbin Sakkwato, wannan yanki namu ya zama gidan shinkafa da noman rani. Wanda ke Mafara ko Bakura, shinkafa tana ƙofar gidansa, wataƙila ma a gonarsa. Ka biya kuɗi ka tallata masa shinkafa, ka kai wa mai rijiya ruwa ke nan. Mai sayen buhunka yana Gusau, yana Sakkwato, yana Kano ko Abuja: mai gidan abinci, uwargida mai shirin biki, ɗan sari. Can za ka tura sankira. Amma tela, ko mai gyaran waya, ko mai sayar da abinci kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, shi nasa mutanen suna kusa. Akwai taswira a shafin, kana iya dasa alama a kan garinku ka zana da'ira, daga kilomita 1 har zuwa 80. Tela ya matse da'irarsa. Ba wanda zai taso daga Legas ya kawo ɗinkin Sallah Bakura.

Bari in maimaita don wanda ya kunna rediyo yanzu: mai shinkafa ya tura tallarsa nesa, inda babu shinkafa. Tela ya riƙe tasa kusa.

Sai abin da za a gani. Ku yi da Hausa, don Allah. Facebook ma kansa yana da Hausa tun 2016. Kuma ku yi magana da baki a bidiyo, domin da yawan masu kuɗin sayen kayanku sun fi son ji a kan karatu. Sa hannu a buhu, ɗebo shinkafar, watsa ta a faifai a gaban kyamara, a ga ƙwayarta, a ga babu tsakuwa, a ji ƙararta. Faɗi farashi tun a farko. Na san wasu za su ce farashi sirrin ɗan kasuwa ne. To, in ka ɓoye, wuni za ka yi kana amsa "nawa ne" daga mutanen da ba su da niyyar saye, kuma kowane saƙo da kuɗinka ya zo.

Akwai abu guda da masu koyar da wannan sana'a a Legas ko Landan ba za su gaya muku ba, domin ba su san shi ba. Mu nan mun san halin da ake ciki a hanyoyinmu da ƙauyukanmu. Nuna hajarka, amma kada ka nuna sito cike, kada ka nuna ƙofar gidanka, ko garken shanu, ko ranar da motar kaya za ta tashi. Tallar da mai saye ke gani, ita ce mugu ke gani. Layin wayar kasuwa daban, na gida daban. Wannan ba sai na ja shi da tsawo ba.

Kuma kun tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse sabis a jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, aka rufe kasuwannin mako-mako? Mutum sai ya shiga mota ya fita jihar kafin ya kira ɗan'uwansa. Duk wanda kasuwarsa ke rataye a shafi kaɗai, ranar ya wayi gari ba shago. Tun daga lokacin nake gaya wa yara su sayi littafi na takarda. Duk wanda ya saya ta hanyar talla, a rubuta sunansa da lambarsa da garinsa da abin da ya saya. Littafin nan kuma shi ne alƙalin tallar. A ce ka kashe 5,000, mutum 20 suka turo saƙo, kowane saƙo ya tsaya maka a naira 250 ke nan. A ce biyu suka saya, kowane ciniki ya ci 2,500. Ribar da ke kan buhu ta haura haka? In ta haura, ƙara kuɗi. In ba ta kai ba, tsaya ka gyara. Laik ba ya shiga wannan lissafin ko kaɗan.

Ina ganin mai kula da na'ura yana nuna min agogo, bari in yi sauri.

Kada ka yi ta taɓa tallar kullum. Na'urar Facebook tana koyo ne, Meta ta ce tana buƙatar sakamako kusan 50 a cikin mako kafin ta daidaita, kuma duk babban sauyi yana mayar da ita baya. Mai ƙaramin jari kada ya raba kuɗinsa gida biyar, ya gwada bidiyo biyu, ya riƙe wanda ya fi kawo saƙo. Ka amsa saƙo da wuri, wanda ya turo da safe ka amsa bayan isha'i ya riga ya saya a wani wurin. Tun 1 ga Janairun 2022 akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a kan kuɗin tallar Facebook a Najeriya, a sa shi a lissafi. Akwai kuma hukumar ARCON mai kula da tallace-tallace, masu sayar da magani musamman su kiyaye da alkawarin da suke yi wa jama'a. Zancen biyan 'yan fim da 'yan TikTok su tallata maka kaya, da na sa niyyar taɓawa, sai a wani shirin.

Shi kuwa ɗan yayata ya sake gwadawa. Ya sa mahaifiyarsa tana sheƙar shinkafa, hannuwanta kawai ake gani da faifai, shi yana bayani da Hausa, ya tura Gusau da Sakkwato. Laik bai kai na farko ba ko kusa, har ya ɓata rai. Amma wata Hajiya mai gidan abinci a Gusau ta turo saƙo, ta ce ba za ta tura kuɗin buhu ga wanda ba ta sani ba, ya fara ba direba tiya biyu ta dafa ta gani. Ya ɗora a mota ranar Laraba. Har na shigo ɗakin nan yana jiran ta kira.