Ɗan Zango Ya Fito Kansila: Ina Batun Kuɗin Haya?

Duk lokacin da aka kaɗa gangar zaɓen ƙananan hukumomi a nan Kudu, ba a rasa wani ɗan Zango ko ɗan Sabo da zai fito neman kujerar kansila. Galibi haifaffen unguwar ne. Kakansa ya zo fataucin goro ko shanu tun zamanin Turawa, mahaifinsa a nan aka binne shi, shi kuwa yana jin Yarbanci kamar yadda yake jin Hausa. In ya tara jama'a a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun, maganar da takan sa kowa ya yi tsit ita ce ta kuɗin haya, domin ita ce ke hana magidanta barci.

Irin wannan takara ba yau aka fara ta ba. Malam Umaru Altine, Bafillace mai sana'ar shanu daga ƙasar Sakkwato, shi ne ya zama magajin garin Inugu na farko a 1956, a ƙarƙashin jam'iyyar NCNC. Unguwar Sabo ta Badun kuwa tun 1916 aka kafa ta. Saboda haka wanda ya ce ɗan Sabo baƙo ne, sai a tambaye shi shekara nawa baƙunci yake yi kafin ya ƙare.

A da, batun masauki da sauƙi. Falke ya sauka daga jirgin ƙasa ya nufi gidan maigidansa, a ba shi ɗaki da abinci, a nema masa mai saye, maigida ya ci la'ada. Yau gidajen nan da yawa an raba su gado, wasu an sayar, wasu an rushe an tayar da shaguna. Mai neman ɗaki ɗaya a Ikko sai ya biya kuɗin shekara a dunƙule, ya biya dillali, ya biya kuɗin rubuta yarjejeniya, a kuma karɓi wani abu a ajiye wai ko zai yi ɓarna. Shi ya sa samari 'yan ci-rani suke cunkushewa a ɗaki guda, wasu su kwana a rumfar kasuwa ko barandar masallaci.

To, amma fa ya kamata mai jefa ƙuri'a ya san iyakar ƙarfin kansila kafin ya tafa wa alkawari. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha. Dokar haya ma ta jiha ce. A Jihar Legas har harajin gidaje, wanda tsarin mulkin 1999 ya lissafa cikin ayyukan ƙaramar hukuma, an haɗe shi da wasu kuɗaɗen ƙasa tun 2001, jiha ce ke karɓa. Gidaje masu sauƙin kuɗi da har yanzu ake ambato a Abesan da Iponri da Amuwo-Odofin, Gwamna Latif Jakande ne ya gina su tsakanin 1979 da 1983. Ranar da aka kai katafila Maroko a watan Yulin 1990, zamanin Kanar Raji Rasaki, aka tashi mutum wajen 300,000, umarni daga sama ya zo. Watau ɗan takarar da ya rantse zai karya farashin haya, ya yi alkawarin abin da ba ya hannunsa.

Duk da haka akwai aikin da zai iya, kuma babba ne. Dokar haya da Gwamna Babatunde Fashola ya sa wa hannu a 2011 ta haramta karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta ɗora tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata 3 a kan mai karɓa da mai bayarwa. Ta wajabta ba da rasit. Ta ce mai biya shekara-shekara, in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba, sai an ba shi sanarwar wata 6 kafin a tashe shi, kuma yana iya kai ƙara kotu in an yi masa ƙarin da ya wuce hankali. An dai keɓe Apapa da Ikoyi da Victoria Island da unguwar Turawa ta Ikeja daga dokar. Mutanenmu nawa suka san wannan? Da yawa da baki suke ƙulla haya, ba takarda ba shaida, ranar da aka watso musu kaya waje sai su ce haka Allah ya so. Kansilan da zai zauna da limamai da Sarkin Hausawa a bayyana wa jama'a dokar nan da Hausa, ya kuma raka mai ƙorafi cibiyar sulhu ta Ma'aikatar Shari'a, inda ake sasanta mai gida da ɗan haya kyauta, ya yi wa unguwa abin da za a gani. Haka nan kasuwanni da tashoshin mota da kwashe shara da lambar gidaje, waɗannan duk a majalisarsu ake tattauna su.

Sai kuma babbar matsalar ɗan takarar kansa. Ana iya cika fili maƙil ranar taro, ranar zaɓe a ƙirga ƙuri'a a ga ba ta taka kara ta karya ba. Dalili kuwa shi ne yawancin masu tafin a Kano ko Katsina ko Birnin Kabi suka yi rajista. Lokacin zaɓen ƙananan hukumomin Legas na ranar 12 ga Yulin 2025, kujerun kansila 376 aka yi takara a kansu, kuma da rajistar hukumar zaɓe ta ƙasa aka yi aiki. Wanda katinsa ke nuna mazaɓar garinsu, ko ya shekara 20 yana biyan haya a Agege, ba shi da ta cewa a akwatin Agege. Hukumar tana karɓar buƙatar mayar da rajista zuwa inda mutum yake zaune a duk lokacin da ta buɗe aikin rajistar masu zaɓe, kuma ba a biyan ko kwabo.