Daga Asamaka zuwa Arlit: Wa zai ɗauki nauyin asibitocin ƙasar yuraniyom?

Duk lokacin da motocin jami'an tsaron Aljeriya suka sauke baƙin haure a wurin da ake kira Point Zéro, tafiyar kilomita 15 ce a ƙafa cikin rairayi ke jiransu kafin su isa Asamaka. Abin da suke fara nema shi ne ruwa, daga nan sai ƙaramin asibitin garin.

Asibitin nan don mutanen ƙauye aka gina shi. Amma ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke tallafa masa a lokacin, ta ce tsakanin 11 ga Janairu da 3 ga Maris na 2023 mutum 4,677 ne suka shigo garin a ƙafa, har wasu suka riƙa kwana a harabarsa da saman rufinsa. A 2024 kuwa, ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙidaya fiye da mutum 30,000 da aka koro ta wannan hanya.

Wanda ciwonsa ya yi tsanani, ko macen da haihuwa ta zo wa da gardama, sai an kai Arlit, tafiyar kimanin kilomita 200 a cikin hamada. In abin ya fi ƙarfin Arlit, sai babban asibitin jiha a Agadas, wani kilomita 240.

Murhu mai duwatsu uku

Kiwon lafiya a gundumar Arlit tamkar tukunya ce a kan duwatsu uku: kamfanonin yuraniyom, ƙungiyoyin agaji, da gwamnati.

Dutse na farko ya daɗe da fara motsi. Shekara da shekaru asibitin Somaïr a Arlit da na Cominak a Akokan ne abin dogaron ma'aikata da iyalansu, har da sauran jama'ar gari. Ranar 31 ga Maris 2021 Cominak ta daina haƙa, ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, kuma tsarin rufe kamfanin ya tanadi miƙa asibitinsa ga gwamnati. Ita ma Somaïr ta fita daga hannun kamfanin Orano na Faransa, a watan Yunin 2025 gwamnatin Nijar ta mayar da ita mallakin ƙasa.

Dutse na biyu shi ma bai tsira ba. Amurka ta dakatar da akasarin tallafin da take bayarwa ta hannun USAID a farkon 2025, lamarin da ya girgiza ayyukan agaji a faɗin Afirka. A watan Fabrairun 2025 kuma hukumomin Yamai suka umarci ƙungiyar agaji ta ICRC ta bar ƙasar.

Sauƙi ga majinyaci, nauyi ga asibiti

Saura na uku. Tun 2006 Nijar ta ayyana kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da awon ciki kyauta, bisa alƙawarin gwamnati za ta mayar wa asibitoci kuɗinsu. Jinkirin biyan wannan kuɗi ya sha barin ɗakunan magani babu komai.

A watan Agustan 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin gwamnati, haihuwa kuma ta zama kyauta. Talakawa sun yi maraba da matakin. Sai dai a ƙananan asibitoci, da ɗan abin da majinyata ke biya ake sake sayo magani da biyan wasu ƙananan ma'aikata. In kuɗin cike giɓin bai iso da wuri ba, majinyaci zai ga likita da araha, sannan a ba shi takarda ya je ya sayi magani a waje.

Wannan shi ne lissafin da ke gaban duk wanda ke jagorantar gundumar: man motar ɗaukar marasa lafiya zuwa Asamaka, ko magani a Akokan? Ta yaya za a riƙe ungozoma a garin da zafi da nisa ke korar ma'aikata? Ga kuma tsoffin mahaƙa da ke buƙatar a ci gaba da duba lafiyarsu, batun da ƙungiyar Aghir In'Man ta Almoustapha Alhacen ta daɗe tana fafutuka a kai.

Yanzu da yuraniyom ya koma hannun ƙasa, mutanen Arlit na jiran su ga kason da zai iso gadon asibiti. 'Yan Afirka ta Yamma da ke da ɗan'uwa a hanyar Aljeriya su ma abin ya shafe su, domin in aka koro shi, ƙofar farko da zai ƙwanƙwasa ita ce ta asibitin Asamaka.